Motar Maigida Mai Rimot

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna? Ya yara?

Lafiyata ƙalau, kada ku damu. Kanikancin nake yi, sai dai motar ba ta fi tsawon hannuna ba. Ta tsere ce mai rimot, tayoyin gaba ke janta, shi ya sa suke saurin cinyewa. Jiya na canza su, na sa mata batir mai ƙarfi. Maigida ya ce, "Kai kam ba zan sake ka ba."

Da dariya ya faɗa, amma fasfona na ɗakinsa har yanzu, maigadi kuma ba ya buɗe mini ƙofa. Ko ranar tsere ma, motar kawai su Maigida ke fita da ita, ban da ni.

In Inna ta tambaya, ka ce ana yabon aikina. Kai kuwa, Yaya, ka dage mini da addu'a.

Ƙaninka