Kofin da Ake Ci Sau Uku

Aley, Afrilu 1997

Yaya Wajdi,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya a Dakar. Ni dai hankalina ba ya jikina. Ƙungiyar tseren motoci ta farfaɗo, sun aiko a mayar musu da kofin tseren hawan dutse. Ka san ƙa'idarsa tun zamanin Faransawa: gidan da ya ci sau uku ya riƙe har abada. Baba ya ci biyu, yaƙi ya ɓarke, kofi ya maƙale a wurinmu. A bargo muka naɗe shi ranar da muka gudu, muka bar gwalagwalan Mama, ka tuna?

To, ɗana Nadim ya rantse shi zai ciwo na ukun, don kada kakansa ya rasa abin gogewa da safe. Ya fito da tsohuwar motar Baba yana ta kwance-kwance. Yaron da tasi kawai ya iya ja! Kuma hanyar nan ce, da kwanar da ta cinye Baffa Rafiƙ. Don Allah ka hana shi, maganarka yake ji.

Ƙanwarka,
Salwa

Dakar, Mayu

Salwa uwar tsoro,

Ina gaishe ki, ki gaida Baba. Haba, sai ka ce yaƙi za shi! Sunan gidanmu har sau biyu a gindin kofin nan, a bari wani ɗan Beirut ya sha lemo a cikinsa? Na aika wa Nadim tayoyi. Ki yi masa addu'a kawai.

Yayanki,
Wajdi

Aley, Yuni

Yaya,

Gaisuwa. Tayoyinka sun iso, sannu da ƙoƙari. Jiya Nadim ya gwada motar, birki ya ƙi, katangar maƙwabta ce ta tare shi. Ya fito yana dariya da jini a goshi. Baba yana kan baranda, ya ture farantin zaitun ya shige ɗaki. Na kasa gane wanne yake tsoron rasawa, kofin ko jikan. In na tambaye shi sai ya ce in kawo gahawa. Wallahi tsoro nake ji, Nadim kaɗai gare ni. Tseren Lahadi ne.

Salwa

Aley, Litinin

Yaya Wajdi,

Muna lafiya, dukanmu. Ranar Asabar Baba ya sa kwat ɗinsa, ya rungumi kofin, ya ce Nadim ya kai shi ƙungiya a tasi. Ya miƙa musu da hannunsa. Da suka dawo Baba ya ɗauki sifana ya kwance sitiyarin tsohuwar motar, ya ɗora a gurbin kofin. Nadim ya fara, "Kaka, ai saboda kai..." Baba ya ce, "Na ukun nan Rafiƙ ya je nema, ni na ɗauko gawarsa. Taɓa sitiyarin nan ka gani."

Wani ɗan Beirut ya ci. Yau da safe na tarar da Baba da tsummansa, yana goge sitiyarin.

Ka huta lafiya,
Salwa