Muhsina Ta Zana Gidan Baba na Riruwai

Tudun Wada, Jihar Kano.

Zuwa ga Yaya Ghali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da iyali a can Kumasi. Allah ya ƙara maka sauƙin ciwon ƙafar nan. Mu nan lafiya lau, an gama yankan dawa, Ikram kuma ta yaye ɗanta.

Labarin 'yarka Muhsina ne ya sa na ɗauki biro. Ka san zane take karanta a kwaleji. Bara malamarsu ta ara mata wani littafi mai hoton wani tsohon zanen Turawa: kwalba ce da abin kiɗa a kan tebur, amma duk an farfasa su kamar tukunyar da ta faɗi. Ni dai ban gane komai ba. Ita ta ce mai zanen zagaya abin ya yi, ya kalle shi ta gaba, ta gefe, ta sama, sannan ya haɗa duka a takarda ɗaya. Wata biyu tana kwaikwayonsa a gindin dalbejiya, ta zana ta yage, har hannunta ya faɗa.

Da labari ya kai wa Baffa Shitu, ƙanen Baba, sai ya zo ran kasuwa ya ce a cire ta ta karanta abin da zai amfane ta, wannan ɓarnar fenti ce. Mahaifinta, maigidana Malam Dikko, ya ce ba zai tsallake maganar Baffa ba. Muhsina ba ta yi musu ba, ta durƙusa ta roƙi mako uku kawai. Kullum in ina tankaɗe sai ta zauna tana tambayata gidan Baba na Riruwai, wanda ruwa ya rushe tun ba a haife ta ba: ina rijiya take, ina zaure yake kallo, rumbu nawa ne.

Ranar da Baffa ya dawo ta jingina zanen a bango. Yaya, gidanmu ne, amma ta ko'ina lokaci guda. Kana ganin ƙofar zaure ta waje, kana ganin cikinsa, ga bakin rijiya ta sama, ga dutsen bayan gida ya shigo tsakar gida. Baffa ya daɗe a tsaye da sandarsa. Can ya nuna wani lungu ya ce, "Nan Yaya yake shimfiɗa buzunsa." Baba yake nufi. Ya sha ruwa, sannan ya ce a bar yarinya ta ƙarasa karatunta. Yanzu kwalejin ta zaɓi zanen za a kai shi baje koli Kano. Wallahi har yau in na tuna sai in ji kaina ya yi girma.

Kusurwa ɗaya ta bari fari, wato ɗakinka na soro, don ba ka taɓa barina na shiga ba. Ta ce ba za ta ƙaga ba. Don Allah ka rubuto mata yadda yake kafin ƙarshen wata, tana jira da burushi a hannu.

Ka gaida Anti Hasiya, da Salim da Mubaraka. Malam Dikko da Baffa suna gaishe ka.

Ƙanwarka,
Halima.