Muryar Babana Tana Cikin Kwamfuta Mai Mutuwa

Tanti Haske, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Ni malamar makaranta ce a Filinge. Kafin babana ya rasu na ɗauki muryarsa a waya, yana ba da labarin yadda kakanninmu suka zauna Kurfai, yana yi wa jikokinsa kirari ɗaya bayan ɗaya, har da dariyarsa. Daga baya wayar ta faɗa ruwa. Abin da ya rage sai wanda na zuba a kwamfutar gida, irin mai akwati daban allo daban.

Ina ji da na'urar nan, Tanti. Akwatin a cikin kwabata yake tare da tangaran ɗin aurena. Na ɗinka masa riga da yadi mai kauri, na sa kafinta ya huda bayan kwabar don wayoyi su fita. Ko tana aiki ba na cire rigar, ba na buɗe gilashin kwabar, saboda yarana akwai taɓe-taɓe.

Da bazarar bana ƙanin mijina, Zaidu, ya zo daga Bonkuku, ya soka kilensa, ɗan abin nan na kwafar fayil, a jikinta ba tare da ya tambaye ni ba, wai zai kwashi waƙoƙi. Tun lokacin ba ta ƙara lafiya ba. Za ta tashi lami lafiya, ta ɗan yi aiki, sai ta kama gurnani kamar injin niƙa, sai ɗif, allo ya yi baƙi. In na taɓa akwatin, zafi zau. Na tabbata birus, cutar kwamfuta, ya sa mata. Na faɗa masa baƙar magana a gaban mahaifiyarsa, yanzu ko gaisawa ba ma yi. Mijina ya ce jibi a ba direba ya kai ta Yamai a yi mata formate. Ban san ma'anarsa ba, amma hankalina ya ƙi kwanciya.

Marainiya daga Filinge

Marainiya, Allah ya jiƙan Baba. Da farko, kada kwamfutar nan ta hau mota jibi. Formate shi ne share disk dur, wato rumbun da ke ajiye komai, ƙarƙaf. Muryar Baba a nan take.

Na biyu, ki kwantar da hankali, abin da kika kwatanta bai yi kama da birus ba. Zafi ne. A cikin akwatin akwai furosesa, ƙwaƙwalwar da ke aikin, da fanka mai sanyaya ta. Gurnanin da kike ji fankar ce take neman iska, mutuwar kuma na'urar ce take kashe kanta don kada ta ƙone. Ke ma a sa miki bargo a kulle ki a kwaba da zafin bazarar Filinge, mu ga ko za ki daɗe! Zuwan Zaidu da zuwan zafi ne kawai suka haɗu.

Ki cire ta daga kuran, wato wutar lantarki, ki fito da akwatin, ki tuɓe masa rigar, ki share ramukan iskar da ke jikinsa. Da sanyin safiya ki kunna ta a fili. Kada ki tsaya kallon komai, ki fara kwafe muryar a kile biyu. In fankar ba ta juyawa, mai gyara zai canja ta. Ko na'urar ta mutu murus, ana iya zare disk dur a karanta shi a wata.

Zaidu bai kyauta ba da ya taɓa kayanki ba izini, kuma kile yana iya ɗauko birus, don haka a duba. Amma kin yanke masa hukunci ba hujja, a gaban surukarki. Ki je ki ba su haƙuri su biyu. Sannan ki raba muryar ga 'yan'uwanki tun yau, don ba ke kaɗai kika rasa uba ba.

Allah ya sa ki sake jin dariyar tsohon nan a makon nan, ya kuma daidaita zumuncinku.

Taki, Haske