Mama Ta Daina Ba Beppe Gwanda

Zuwa ga Yayana Salvatore,

Gaisuwa mai tarin yawa daga nan Mission Beach. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, ya kuma tsare ka a ramin ma'adinan nan na Kalgoorlie. Mu nan da sauƙi. An gyara mana rufin da guguwa ta yaye, ayabar gona ma ta fara tofo. Mama ce dai babu daɗi, kuma saboda ita na zauna rubuta maka.

Ka san Beppe, kasowarin nan, ƙaton tsuntsu mai shuɗin wuya da ke fitowa daga kurmin bayan gida tun Baba na da rai. Da guguwa ta kakkaɓe 'ya'yan itatuwan kurmin, sai ya zo a rame, da 'yan tsakinsa biyu a bayansa. Mama ta shiga yanka musu gwanda kowace safiya. Na tuna mata dokar jiha ta hana, ta ce wanda ya rubuta dokar ai da cikinsa a cike ya rubuta.

Wani maƙwabci ya kai ƙara, har yau ban san ko wane ne ba. Wata jami'ar gandun daji ta zo, yarinya mai ladabi, ta sha kofin da Mama ta dafa mata, ta yi mata bayani a hankali cewa tsuntsun da ya saba da hannun mutum yakan daina tsoron gidaje da karnuka da motoci, kuma su jami'an sun ajiye wa tsuntsayen abinci can cikin kurmi. Ta ce in ta sake gani, tara ce mai nauyi. Mama ta ce mata ta girmi uwarta, kada ta koya mata tausayi. Amma ta daina. Ni na matsa mata ma, Yaya. Beppe ya riƙa zuwa yana tsayawa a bakin baranda yana leƙen taga, ita kuwa ta ja labule ta zauna tana kuka.

Makon jiya Beppe ya tsallaka babban titi neman abinci a gidajen ɗaya gefen, motar kaya ta buge shi ya mutu. Kare ya kashe ɗan tsako ɗaya, jami'ai suka tafi da ɗayan. Jami'ar ta ce mini ciyarwar ce ta jawo shi bakin titi. Mama ta ce dainawar ce ta kashe shi. Na juya maganar ta kowace fuska, ban ga wanda ya yi ƙarya a cikinsu ba, ban kuma ga abin da za mu yi da zai tsirar da shi ba.

Tun ranar Mama ba ta cin abin kirki. Taliyar da na dafa mata haka take bushewa a faranti, ko coci ta daina zuwa. Jiya ta kira ni ta ce in nema mata ɗaki a gidan tsofaffi na Innisfail, amma wanda tagarsa ba ta kallon daji. Yaya, ka nemi hutu ka zo.

Ka gaishe mini da matarka Glenys, da yara su Darcy da Imogen. Mijina Aldo da Gwaggo Pina suna gaishe ku.

Taka ƙanwa,
Concetta