Ƙullin Gawayin da Aka Tarar a Ƙarƙashin Tankin Mijina

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin don girman Allah ka sakaya sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Don Allah ku ba ni shawara, kuma wanda zai yi magana ya yi kafin Juma'a, bayan nan ban san ko za ta yi amfani ba.

Takaba nake yi yanzu haka a gidanmu da ke Fagge. Mijina, Abban Fanna, ɗan kasuwa ne, shadda da atamfa yake sayarwa ta wajen Bata, danginsa asalinsu Barebari ne amma tun kakanni suke Kano. Mutum ne mara hayaniya, ba ya kallon ƙwallo, ba ya zaman majalisa, abu ɗaya ne ya shiga ransa, kifi. Kuma ba kifin miya ba, kifin ado na teku. A garin da ruwan famfo ma sai an yi sa'a, shi ya kafa teku a falo, ƙaton tanki na gilashi, da ruwan gishirin da yake haɗawa da kansa, da sola da inbata nasa daban, in aka ɗauke wuta mu mu yi ta fifita, su kuwa kifi suna shan iska. Na yi mita har na gaji, na ce kifin da ba a soya shi ina amfaninsa. Sai ya yi dariya kawai, daga baya ni ma na saba, har na san sunan kowanne.

A cikin tankin akwai duwatsu, a jikinsu wasu halittu kamar ƙananan furanni, kore da ruwan goro, suna buɗewa suna rufewa, wai murjani ne mai rai. Wanda ya koya masa duk wannan abokinsa ne na Sabon Gari, zan kira shi Oga Chidi, Ibo ne Kirista, yana da shagon tankuna da famfuna da abincin kifi. A Kano aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa karin magana, tun sakandare suke tare. Ranar salla a gidanmu yake cin tuwo, surukata Hajiya da ke zaune tare da mu ɗana take ce masa.

Sai na yi muku bayanin wani abu kafin ku gane matsalata. A ƙasan tankin akwai kabad, cikinta da wani ƙaramin tanki da ruwan ke bi ya tace ya dawo sama. A nan ake jefa wata 'yar jaka ta raga, a cika ta da baƙaƙen ƙwayoyi kamar tsakin gawayi, a ɗaure bakin da zare. Masu harkar kifin kabon suke ce masa. Gawayi ne, amma na kamfani da aka ƙona shi musamman, aikinsa ya tsotse dauɗa da wari da dafin da murjanin yake fitarwa, ruwan ya yi garau. Duk wata ake canza shi, kuma da yake maigidan yana yawan tafiya saro kaya, ni nake wanke sabon a famfo har baƙin ruwan ya daina fita, in ɗura a jaka in ɗaure. Ƙullin da dangi suke ta magana a kansa yau, da hannuna na ƙulla shi.

Ranar da abin ya faru na tafi suna Rijiyar Lemo da yara. Akwai wani dutse da murjaninsa ya yi yawa yana cinye sauran, Abban Fanna ya ciro shi da safe, da safar hannu, ya sa a bokiti a bayan kicin, da nufin in ya dawo daga kasuwa ya kai wa Oga Chidi. Hajiya ta fito ta ji ƙarni ya ishe ta, ta leƙa ta ga dutse duk yauƙi. Ita kuwa mace ce da ba ta iya ganin ƙazanta ta wuce, komai a wurinta tafasasshen ruwa ne maganinsa. Ta ɗauki tsohuwar tukunya, ta jefa dutsen, ta ɗora a gas, ta ja ƙofar kicin saboda wari, ta koma ɗakinta ta yi salla. Ba ta san irin wannan murjanin yana da dafi ba, kuma in aka dafa shi, tururi dafin yake bi. Ni ma da nake wanke gawayi duk wata ban san ya kai haka ba, amma shi ya sani.

Ya dawo ya tarar da kicin ya turnuƙe, ya gane abin da ke kan wuta. Mutum ne mai asma tun yana yaro, da hankali ne da guduwa zai yi, amma uwarsa tana gidan. Ya shiga ya kashe gas, ya buɗe taga, ya kinkimo tukunyar fuskarsa a kan tururin ya je ya juye a kwata, Hajiya ta leƙo, ya ce mata ya gode, ta koma ɗaki ta huta. Kafin in dawo da la'asar zazzaɓi ya rufe shi, yana cewa bakinsa ɗaci kamar ya tsotsi ƙarfe, ƙirjinsa ya riƙe, abin shaƙarsa ya ƙi yin aiki. A asibiti ya gaya wa likita gaskiya ina tsaye, likita ya ce wannan dafin ba shi da makari, sai dai a taimaki numfashi a yi addu'a. Da muka rage mu biyu ya janye abin oksijin ya riƙe hannuna ya ce, "Maman Fanna, ki yi min alkawari Hajiya ba za ta taɓa sani ba. Taimakona ta yi." Na yi masa alkawari, a lokacin ko me ya roƙa zan ce to. Bai ƙara wata doguwar magana ba har Allah ya karɓi abinsa. A takarda aka rubuta asma da ciwon huhu, kowa ya ce lokaci ne ya yi.

Da a nan aka tsaya da ban rubuto muku ba. Bayan sadakar bakwai yayansa, Yaya Bukar, ya ce a kwashe tankin nan, ba mai kula da shi. Suna buɗe kabad suka ga baƙin ƙulli a nutse cikin ruwa, ɗaure da zare. Nan take gida ya ɗauki salati. Aka kwance aka ga baƙaƙen ƙwayoyi, wata goggonsu ta ce ita ta san irinsa, sammu ne, a ruwa ake binne shi don numfashin mutum ya riƙa nutsewa. Aka tuna Hajiya ma ta yi tari da zazzaɓi a ranakun, aka ce ai gidan gaba ɗaya aka jefa. Aka tambayi wa ke taɓa ƙasan tankin in ba mamacin ba, aka ce Chidi.

Na fito daga ɗaki na ce musu abin tace ruwa ne, ni nake ɗaurawa, har kwalinsa na ɗauko na nuna musu da hoton kifi a jiki. Yaya Bukar ya ce wa ya kawo kwalin, na ce Oga Chidi, ya ce to kin gani, da hannunki ya sa kika ɗaura ba ki sani ba. Ya ce mutum lafiyarsa ƙalau da safe, asmar da ya girma da ita ba ta kashe shi ba sai yanzu, in ba wannan ba ne in faɗa masa mene ne. Amsar tana bakina na haɗiye. Suka ce baƙin ciki ne ya taɓa ni, in koma ɗaki, mai takaba ba ta da bakin gardama da maza. Wallahi ranar na ji haushinsu kamar in fasa gilashin a kansu, mutanen da yana da rai ba su taɓa tambayarsa me kifin nan yake ci ba, yau duk sun zama malaman tanki.

Yanzu maganar ta fita daga gida. Wani ƙaninsu ya sa hoton shagon Oga Chidi a guruf ɗin dangi, daga nan ya yaɗu unguwa. Ga lokacin siyasa, 'yan jagaliya sun cika layi ba aikin fari ba na baƙi, jira suke a nuna musu ƙofa. An riga an jefi allon shagonsa da dutse, matarsa ta daina fita kasuwa. 'Yata Fanna ta jiyo baffanninta a soro suna cewa in an sauko daga masallacin Juma'a za su je su ji ta bakinsa, kuma ba su kaɗai za su je ba. Duk wanda ya girma a garin nan ya san yadda irin wannan jin ta bakin yake ƙarewa in an haɗa Fagge da Sabon Gari a magana ɗaya.

Abin da ya fi karya min zuciya, Oga Chidi ya san gaskiya, don marigayin ya kira shi a hanyar asibiti. Na buga masa waya ina kuka, na ce zan faɗa. Ya ce, "Madam kar ki yi, Mama tana da hawan jini, in ta ji ba za ta kwana ba. Ni zan rufe shago in kai yara gida na ɗan lokaci." Wane gida? Yaransa ba su san ko'ina ba sai Kano, shi kansa baƙo ne a can. Kuma in ya gudu, ai ya tabbatar musu ke nan.

Na yi tunanin in faɗi rabi, in ce dutsen ne mai dafi, amma sai su ce to wa ya sayar masa da guba, an koma kan Chidi. In na ce dafa shi ne ya jawo, ba sai na kama suna ba, Hajiya ta san wanda ya ɗora tukunya. Na yi tunanin in ce ni na dafa, amma rabin unguwa sun gan ni a wajen suna. In keɓe Yaya Bukar in gaya masa, shi kuwa cikinsa ba ya riƙe magana, ko mafarki ya yi sai Hajiya ta ji kafin karin kumallo. In kira likita ya yi shaida, maganar dai ɗaya ce.

Ɗazu da hantsi Hajiya ta shigo ɗakina da carbinta, ta rame ta zama rabi. Ta zauna a bakin gado ta ce ita fa zuciyarta ba ta yarda Chidi zai cuci ɗanta ba, amma abin da ido ya gani ya gani. Sai ta share hawaye ta ce, "'Yata, abu ɗaya ne yake sanyaya min rai. Ranar ƙarshe da ya yi a gidan nan na yi masa hidima da hannuna, na wanke masa dutsensa, ya dube ni ya ce ya gode." Ta ce duk sallar da ta yi sai ta gode wa Allah da ya ba ta wannan. Na rungume ta.

'Yan uwa, malamai da ke cikin gidan nan, iyaye mata, ku dubi Allah ku gaya min. Alkawarin da na yi wa mamaci ya fi ran mai rai nauyi? In yi shiru a je wa bawan Allahn nan da iyalinsa kan gawayin da ni na ƙulla, ko in buɗe baki in gaya wa tsohuwar nan abin da ɗanta ya yi mata godiya a kai?