Azumin Radiya

Unguwar Juma, Birnin Zariya,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga Yayata Zakiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Yaya Umair da ɗiyata Hanan mai kunnen zomo. Ya zafin Gusau? Mu nan lafiya, in ban da abin da zan faɗa miki.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun Bahago direba. Baba ya ƙwace wayata tun ranar da na sa kwaɗo a butar Kawu. Ban yi nadama ba, da ma kin ga tsallen da ya yi. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san allo kaɗai na yi, bokon nawa a waya na tsince shi.

Maganar ƙanwarmu Radiya ce. Ta fara da azumin Litinin da Alhamis, ta koma yau azumi gobe hutu, yanzu kuwa kullum ne. Gidan nan kowa sai yabo. Kaka har cewa take Allah ya ba mu waliyyiya, ni kuma wai in yi koyi da ita. Buɗa-bakin waliyyiyar kuwa ruwa ne da rabin dabino. Rabi, Yaya! Ɗaya rabin ta naɗe a takarda sai gobe.

Za ki ce ai tana cin tuwo. Inna ma haka take zato, don tire ɗaya muke ci ni da ita, kuma kullum yana komawa tas. To ni nake cinyewa. Sai ta gutsuri loma ta yi ta juya ta cikin miya, tana turo mini nata ɓangaren a hankali. Wata da watanni ina murna na samu banza. Jiya na yi ƙaryar ciwon ciki na janye hannuna don in gani. Tuwon nan ko rami bai yi ba.

Ana wannan zafi, ita rigar sanyi take sawa a ƙarƙashin hijabi biyu. Na zo yi mata kitso, gashi ya biyo mataji. Ruwan gidan nan duk ita ke jansa daga rijiya, ko da randuna sun cika. Sai ta tsaya gaban madubi tana mintsinin cikin da babu shi, wai ta yi teɓa.

Amma ga abin da ya tayar mini da hankali. Kaka na alfahari wai Radiya ba ta taɓa barin salla. Na zauna na tuna: wata biyar ke nan ba ta yi fashin salla ko sau ɗaya ba. Ban yi boko ba, amma babin haila a gaban Malama na haddace shi. 'Yar shekara sha shida mai lafiya ba ta yin haka.

Ki gaida mutanen gida. Ki aiko da amsa ta hannun Bahago.

Taki mai neman magana,
Batul.

Ranar Alhamis.

Yaya Zakiyya,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan zazzaɓin Hanan ya sauka, Allah ya ƙara sauƙi. Na ga saƙonki, wai in bi a hankali. Ban bi ba.

Na gaya wa Inna zancen fashin sallar. Kin san inda hankalinta ya tafi? Ta ɗauka abin kunya nake jingina wa 'yarta, ta ɗauke ni da mari. Da ta huce ta gaya wa Kawu, shi kuma ya ce sammu ne, saboda Radiya ce ke zuwa ta ɗaya a ajinsu. Aka kawo rubutun sha. Tana ɗanɗanawa ta ji zuma a ciki, ta zagaya bayan madafi ta zubar. A idona. Na faɗa, Kaka ta ce hassada ce ke cina. Wa zai yarda da mai sa kwaɗo a buta?

Shekaranjiya na ɗauko faranti biyu na raba mana tuwo, kowa ya ga abin da kowa ya ci. Kaka ta yi ta salati, wai tun kakanninta ba a taɓa raba wa 'yan ɗaki ɗaya kwano a gidan nan ba, ni ce zan fara kawo rabuwar kai. Na ce a yi mini duk abin da za a yi, cikina ya daina zama bolar da ake ɓoye ciwon Radiya. Aka mayar da tire, na ƙi sa hannu. Yanzu ƙanzo nake kankara a madafi, tiren kuma yana komawa a cike, amma sai a ce ni na ɓata mata rai shi ya sa ba ta ci ba. Radiya ta daina yi mini magana.

Jiya na fake da kai aike na fita ta Ƙofar Kuyambana har Wusasa, wurin Anti Ethel, ƙawar Inna, tsohuwar nas ɗin da ta karɓi haihuwarmu. Ita kam ba ta yi dariya ba. Ta ce ciwon yana da suna, anoreksiya, kuma tunani yake kamawa: mutum ya riƙa tsoron ƙiba kamar wuta, yana ganin kansa ƙato alhali ƙashi ne ya rage. Ta ce ba taurin kai ba ne, ba na Turawa kaɗai ba ne, kuma faɗa da ɗure ba sa maganinsa. Sai likita. In aka bar shi, zuciya kan iya tsayawa ana zaune.

Na yi kuka a gabanta, Yaya. Kin tuna bara, da tela ya auna mu ankon bikin Asama'u, na sa wa Radiya suna Randa har yaran unguwa suka ɗauka? Anti ta ce kalma ɗaya ba ta kawo wannan ciwo, amma kada in ƙara. Ba zan ƙara ba.

Matsalar ita ce babu mai kai ta asibiti sai Baba ya ce. Na tare shi a zaure, ya ce ya gaji da wasana. Shi kuwa ba ya ganinta sai a cikin hijabai, in ta durƙusa gaishe shi da safe.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Batul.

Ranar Litinin, daga asibiti.

Yayata,

Ina gaisuwa, ya gida, ya Hanan? Kada gabanki ya faɗi, Radiya tana raye.

Ranar Asabar da safe, tana wanka, na kwashe hijabanta da rigunan sanyinta kaf na jiƙa a baho. Na bar mata tsohuwar rigar atamfa ɗaya da ɗankwali. Sannan na je na ce wa Baba Inna na kiransa cikin gida. Suka yi kiciɓis da Radiya a tsakar gida.

Yaya, rigar nan kamar an rataye ta a ƙusa. Baba ya tsaya. Ya kama hannunta, yatsunsa biyu suka zagaye damtsenta har da saura. Kaka ta fara zancen waliyyai, ya ɗaga mata hannu, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ko hula bai sa ba ya fita neman mota.

An ba ta gado. Likita ta ce bugun zuciyarta ya yi ƙasa ƙwarai, za a dawo mata da cin abinci kaɗan-kaɗan, don yi da gaggawa ma haɗari ne, kuma akwai likitar tunani da za ta riƙa zama da ita. Abin zai ɗauki watanni. Ta hana azumi, Baba ya ce shi ma ya hana. Ni ma ta ja mini kunne, wai tona asirin mara lafiya a gaban mutane ba dabara ba ce. Na yarda na ci wa Radiya fuska, kuma zan nemi gafararta. Amma da za a mayar da ranar, sai na sake jiƙawa.

Ki taho, tana buƙatarki. In kin zo kada ki ce ta rame, kada ki ce ta murmure, kada ki yi zancen jiki sam. Ki yi mata hirar Hanan kawai.

Kaka ta ce kada in ƙara shiga ɗakinta. Radiya kuma ta aiko Inna ta gaya mini ba za ta yafe mini ba har abada. To, na ji. Allah ya ba ta shekara tamanin tana ƙina.

Ɗazu ta sha kunu cokali huɗu, tana sha tana kuka. Na leƙa ta taga ina ƙirgawa, ta hango ni, ta ce mini munafuka, in ɓace mata da gani. Har gadon ƙarshe an ji muryarta. Gobe ma ina nan bakin tagar.

Taki har kullum,
Batul.