Buhunan Shinkafa Masu Sunan Baba

Yaya Bakari,

Assalamu alaikum. Yaya Umma da su Adila? Ruwa ya janye daga fadama?

Ni lafiya lau. Ɗakina babu taga, amma ai barci kawai nake yi a ciki. Kada Umma ta ji.

A ofishinmu nan Istanbul rajistar sunan kaya muke yi wa 'yan kasuwa. Mai ofishin ya ce idan masu rajista suka yawaita, to kasuwa ta farfaɗo.

Saboda haka ka daina jin kunya kana ba maƙwabta aron buhunanmu masu sunan Baba. Shinkafa mai tsakuwa suke zubawa, masu saye suna zagin mamaci. Ka je ka yi wa sunan rajista, Allah ya dafa maka. Gonar taka ce, amma sunan Baba da ni a ciki.

Ƙanwarka,
Zulfa